Saƙo, Ba Bargo Ba

Ni ke riƙe da makullin ɗakin sanyi
a 'Yan Lemo, can ciki, bayan layin masu ayaba.
Shekara tara ina buɗe ƙofar nan da asuba,
hucinta ya gaishe ni kafin kowa.

Mangwaro ɗan rana ne.
A zafi aka haife shi, a zafi ya yi wayo,
ya hau tirela daga kudu, kwana biyu yana gumi cikin kwando.
Ka bar shi a waje, kwana huɗu ƙudaje su yi biki.
Ka kai shi ciki, sai ya yi maka shiru,
shirun da ba na lafiya ba.

Sanyi ba ya cizo, ba ya barin tsutsa.
Fatar ce za ta yi zanzana,
ta dusashe, ta koma ruwan toka.
Ka fito da shi ya nuna, ya ƙi.
Ka yanka, baƙi ya kewaye ƙwallo,
a baki kuwa kamar ka tauna jiƙaƙƙen kwali.
Ayaba ta fi shi saurin fushi,
dare ɗaya ta shiga takaba.

Bara Alhaji Nadabo ya zubar da kwando sittin da uku.
Ni na tura baro zuwa bola.
Bai ce da ni uffan ba,
ya zauna a benci yana lissafi da yatsa a kan gwiwa.

Bana, wata Laraba, adaidaita ta sauke Sahura daga jami'a,
da bahon roba biyu
da kwalba ƙarama kamar ta turaren ɗan goma.
'Yan dako suka fashe da dariya:
Malama, farin jini za a yi wa mangwaro?

Ta ce, bishiya tana da bakinta.
In sanyi ya taso, ko tsutsa ta kama ganye,
takan aika saƙo ta cikin ruwan jikinta:
'ya'yana, ku ɗaure, ga wuya nan tafe.
Amma wanda aka tsinko maraya ne,
wa zai gaya masa?
Wannan kwalba, in ji ta, kalmar nan ce dai ta uwar,
mu aron baki kawai za mu yi mata.

Ta ɗiga, ta gauraya, ta duba agogo.
Muka tsoma, muka tsame, muka shanya a inuwa.
Kwando ashirin ta ɗaura wa jan zare,
ashirin ta bari haka nan, su da sa'arsu.

Sau biyar aka ɗauke wuta.
Sau biyar na tashi na lallaɓa janareta.
Duk Alhamis ta zo da littafinta,
ta latsa, ta sansana, ta rubuta,
ba ta taɓa ce min ga abin da take zato ba.

Kwana ashirin da ɗaya muka fito da su.
Ba zan yi ƙarya ba, ba duka suka tsira ba.
Cikin masu jan zare, a goma uku sun yi tabo.
Marasa zaren, a goma da ƙyar na tsinci uku na kirki.
Na yanka ɗaya mai zare bayan ya kwana biyu a waje,
ruwansa ya gangaro min har gwiwar hannu.

Ta ce, Ɗanlami, kada ka ga haka ka ƙure sanyin.
Saƙo ne, ba bargo ba.

Da dare ina rufe ƙofa na tuna tashar garinmu,
ran da aka tsinko ni zuwa Kano,
inna ta riƙe tagar mota tana magana,
ƙarar inji ta cinye rabi.
Da rabin da na ji nake har yau.

Washegari Alhaji ya ɗauki kwalbar, ya ɗaga ta saitin rana,
ya tambayi kuɗinta,
yatsa ya koma kan gwiwa.